Boyi, Aboki, Buzu: Sunayen da Fim Ke Ɗaure Mutum da Su

Tsofaffin gidajen GRA ta Katsina, waɗanda aka gina wa Turawan mulki da waɗanda manyan ma'aikata suka gina daga baya bisa kwaikwayonsu, kusan duk zubinsu ɗaya ne. Babban gida a tsakar fili, inuwar bedi ta kewaye shi, ɗan ɗaki a bakin ƙofa, sa'annan can ƙuryar baya jerin ɗakuna biyu ko uku masu ƙananan tagogi. Waɗannan na baya su ne boyis-kwata, kuma har yau haka dillalan gidaje ke kiransu, ko da ɗalibi ne ko sabon ango zai kama haya a ciki.

Doka ce ta haifi wannan zubi. A tsarin da Gwamna Lugga ya shimfiɗa, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara wa ƙarfi, ana keɓe wa Turawa unguwarsu daban a bayan gari, a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, da hujjar kare Bature daga zazzaɓin cizon sauro da shawara. Ɗan ƙasa ba ya kwana a unguwar sai in ma'aikacin gidan Bature ne. Ke nan baƙar fata ba ya shiga wurin da sunan da aka raɗa masa ranar suna, da sunan aikinsa yake shiga: boyi, kuku, gadina, maigadi, da mai kula da doki, wanda Turawan suka haɗa kalmarmu da tasu suka kira doki-boyi.

Ma'anar boyi a harshensu yaro, amma magidanci mai furfura da jikoki ma boyi ne muddin shi ke wanke kwanukan Bature. Wani zai ce ai mu ma muna da irinta, tunda muna cewa yaron Alhaji ko yaran Sarki alhali manyan mutane muke nufi. Gaskiya ne, kuma barantaka tana da nata zaluncin. Sai dai bara yana da suna, ubangidansa ya san garinsu da iyayensa, sau da yawa shi ke yi masa aure, wani lokaci har ya ba shi jari ya sallame shi. Boyi kuwa gurbi ne kawai. In wannan ya tafi a sa wani, kiran bai canja ba. Da wannan kalma ɗin dai farar fata a kudancin Amurka ke jifar baƙin mutum, komai shekarunsa, don a tuna masa matsayinsa.

Abin da sana'ar fim ta yi wa baƙar fata tun tana jaririya ke nan. Ta tanadar masa gurabe 'yan kaɗan, kowanne da sunansa, duk ɗan wasan da ya zo neman abinci sai ya shiga ɗaya.

A 1915 D. W. Griffith ya fitar da The Birth of a Nation, inda aka shafa wa fararen 'yan wasa baƙi a fuska suka fito a manyan matsayin baƙar fata, aka nuna su a matsayin barazana ga mata da mulki, aka kuma mai da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan gwaraza. Daga nan gurabun suka kafu. Wani masanin tarihin fim baƙar fata, Donald Bogle, ya tattara su a littafinsa na 1973, ya kuma jera sunayensu biyar a matsayin sunan littafin. Akwai Tom, bawa mai biyayya wanda ya fi son ubangijinsa a kan 'yancin kansa. Akwai Coon, malalacin wawa mai zare ido don a yi dariya. Akwai Mulatto, ruwa biyu, wadda labarinta kullum cikin baƙin ciki yake ƙarewa. Akwai Mammy, ƙatuwar baiwa mai renon 'ya'yan uwargijiyarta, ba a taɓa tambayar ina nata 'ya'yan ba. Sai Buck, ƙato mai ƙarfi da ake tsoro. In ka cire Tom, wanda aka ɗauko daga wani ƙagaggen labari na 1852 aka mai da shi sunan kowane baƙi mai sunkuyar da kai, babu sunan mutum ko ɗaya a cikinsu.

Hattie McDaniel ita ce baƙar fata ta farko da ta karɓi kyautar Oscar, a 1940, saboda rawar da ta taka a Gone with the Wind. Sunanta a cikin fim ɗin Mammy, wato ko wahalar raɗa mata suna ba a yi ba. Ba ta halarci bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ba saboda dokar wariya, ranar karɓar kyautar kuma a wani ƙaramin tebur aka zaunar da ita a gefe, nesa da abokan aikinta. Baƙaƙe 'yan'uwanta sun soke ta a kan yawan fitowa 'yar aiki, an kuma ruwaito ta mayar musu da cewa gara ta fito 'yar aiki a fim a biya ta da tsoka da ta zama 'yar aikin gaske a biya ta abin da bai kai ya kawo ba. Ina ganin amsarta ta isa ta hana mu ɗora wa ɗan wasa laifin da ba nasa ba. Mai rabon gurbi shi ke da abin tambaya. Shekara 72 bayan haka, a 2012, Octavia Spencer ta karɓi irin wannan kyauta, ita ma a matsayin 'yar aikin gidan farar fata, a fim ɗin The Help.

Mu ma a nan ba a bar mu ba. Palaver, wanda Geoffrey Barkas ya ɗauka a tsaunukan Filato ya fito a 1926, ya ba 'yan ƙasa manyan gurabe biyu, sarki da boka, gwarzon labarin kuwa Baturen di'o ne. A 1935 aka yi Sanders of the River, labarin wani Baturen mulki a Nijeriya, da shahararren mawaƙi baƙar fatan Amurka Paul Robeson a matsayin Bosambo, sarki mai biyayya ga Bature. Orlando Martins ɗan Legas yana ciki, haka ma Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya shugabanci Kenya, ya fito cikin 'yan cika fili. Da Robeson ya ga yadda aka haɗa fim ɗin ya zama kirarin mulkin mallaka, sai ya barranta da shi.

A labaran Edgar Wallace da aka gina fim ɗin a kansu, sojojin da ke bin Bature da bindiga sunansu Hausawa. Wannan ma yana da tarihi. A 1863 John Glover ya tara wasu 'yan Arewa a Legas, yawancinsu bayi da suka tsere, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Daga nan, a bakin Baturen gaɓar teku, kalmar Bahaushe ta koma nufin soja ko ɗan sanda mai biyayya, ko da mutumin Banufe ne ko Babarbare. Sunan al'umma guda, mai birane da malamai da fatake, ya zama sunan aikin tsaron ƙofar wani.

Wanda ke kallon finafinan Kudu ya san jikan wannan soja. Sunansa Aboki.

Aboki na cikin kalmomi masu daraja a Hausa. Da ita muke kiran wanda ya tsaya wa ango, da wanda ake ciniki da shi, har kishiya muna sakaya ta da abokiyar zama don a rage zafin kalmar. Da alama daga bakin 'yan kasuwarmu mutanen Kudu suka tsince ta, suna jin ana ce musu abokina. Yau a Legas da Anaca da Fatakwal ta zama kiran duk wanda ya fito daga sama da Kwara: mai gyaran takalmi, mai tsire, mai ruwa, ɗan acaɓa, mai canji, ko Bahaushe ne ko Bazabarme ko mutumin Filato. A bakin samarinsu har ta zama zagi, ana jifar wanda ake ganin bai waye ba da ita. Malam ma haka ta same ta. Laƙabin mai ilimi ya koma sunan mai tireda a bakin layi.

A fim, Aboki maigadi ne. Hula a ka, rediyo a kunne, buta a gefe, yana musanya harafin p da f, a aike shi da saƙo ya juya shi, maigida ya daka masa tsawa a yi dariya. In an ɗaga darajarsa sai ya zama Alhaji, mai babbar riga da jakar kuɗi, aikinsa bin 'yan mata. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke an ƙara masa gurbi na uku, mai rawani da bindiga. Likita Bahaushe, ko lauya, ko malamar jami'a, ko uba mai fama da kuɗin makarantar 'ya'yansa, da wuya a gan su. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: mutumin Kalaba ya daɗe a gurbin boyi, tun daga Giringori na wasan talabijin The New Masquerade, wanda James Iroha ya riƙa fitowa a matsayinsa, har zuwa Okon na zamanin nan. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, na cikin 'yan kaɗan da suka ƙetara Kudu suka fito a matsayin mutane masu suna da labari.

Muna jin zafin wannan, kuma muna da gaskiyar jin zafinsa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, sunan Kannywood kuma ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999. Cikin shekaru kaɗan masana'antar ta kafa nata kalmomin. Jarumi, wanda da sai a fagen daga ake samunsa, ya zama duk saurayin da labari ya rataya a wuyansa. Bos, da muka koya daga finafinan Indiya da na Sin, shi ne mugun da za a kayar a ƙarshe. Finafinan kansu aka raba su gida biyu, na soyayya masu rawa da waƙa a gidajen masu kuɗi, da camama, wato barkwancin ƙauye da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan. Ɗan wasan da ya faɗa ɓangaren camama ya faɗa ke nan. Kuma gidajen masu kuɗin nan da ake aro don ɗaukar fim, a Nasarawa ta Kano ko GRA ta Katsina da Kaduna, suna zuwa da gurabunsu a shirye: ga ɗakin maigadi, ga kicin na 'yar aiki, ga mota na direba. A jerin sunayen ƙarshen fim sau da yawa haka za ka gan su, Maigadi, 'Yar Aiki, Direba.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata a bambanta ta da wannan. Mun saba kiran ɗan wasa da sunan da ya yi fice da shi. Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin wasan Kulɓa Na Ɓarna, jama'a Kasagi suka sani. Usman Baba Pategi ya rasu a 2023 yana Samanja. Sulaiman Yahaya ya zama Bosho, Shu'aibu Lawan ya zama Kumurci, marigayiya Hauwa Ali Dodo ta zama Biba. Wannan laƙabi ne, kuma laƙabi a wurinmu alamar ƙauna ce da sabo. Hatta taurarin Indiya ba su tsira ba, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi a bakin 'yan kallon silima. Illar tana farawa ne ranar da laƙabin ya zama shi kaɗai ne abin da aka yarda mutum ya sayar.

Rabilu Musa, tsohon ma'aikacin gidan yari daga Ɗanlasan, shi ne misalin da ya fi kowanne fitowa fili. Sunan Ibro ya haɗiye nasa har ya zama hajar kasuwa, ana liƙa shi a gaban sunan fim, Ibro Usama, Ibro Aloko, da wasu da dama. Dalilin a fili yake. Zamanin kaset da faifan sidi, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ke sayen fim daga hannun furodusa, su kuma abin da mai saye zai gane daga hoton kwali suke so. Fuskar Ibro alkawarin dariya ce, fuskar Kumurci alkawarin faɗa, fuskar marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, alkawarin masifar uwar miji ko kishiya. Furodusan da ya ci bashi ya yi fim ba zai yi kasadar sa Ibro ya fito alƙali mai natsuwa ba. Duk wanda ya kalli yadda mutumin nan ke sarrafa fuska da murya, yadda yake iya sa ka dariya da shiru kawai, ya san akwai abin da ya fi camama a jikinsa. Ya rasu a Disambar 2014, kasuwa ba ta bari mun ga iyakar baiwarsa ba. Wannan asara ce ta mu 'yan kallo, kamar yadda take tasa.

Illa ta biyu ta fi wannan nauyi, domin ta wuce ɗan wasa ta hau kan mutanen da ba su san ana yi ba. Ita ce inda laƙabin ya kasance sunan wata al'umma.

Ɗauki Ɗan Gwari, wanda ya daɗe a finafinan camama: Hausa a karye, tufafi a hargitse, komai aka faɗa ya fahimce shi a baibai. Mutanen da ake kwaikwayo suna kiran kansu Gbagyi, da yawansu kuma ba sa son sunan da muka ba su. Suna da dalili. Daga sunan muka ƙera kalmar gwaranci, muka sa ta nufi maganar da ba ta fita, har ta jariri mai koyon baki. Wato mun ɗauki harshen mutane muka mai da shi ma'aunin rashin iya magana. Su ne fa masu yawancin ƙasar da aka gina Abuja a kanta bayan dokar 1976, aka tashi garuruwansu. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda aikinta ya zaga Turai da Amurka, tasu ce. Yaron da ya tashi a Katsina bai taɓa zama da su ba, abin da ya sani game da su shi ne abin da camama ta nuna masa.

Baban Chinedu, wanda Yusuf Haruna ɗan Funtuwa ya yi suna da shi, ya fi Ɗan Gwari samun sassauci, don sau da yawa mai wayo ne, ana kuma son sa. Amma da'irarsa ba ta wuce kuɗi da ciniki da karyayyar Hausa ba. Kalmar da muke kiran mutanensa da ita, Inyamuri, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga jimlarsu ta neman ruwan sha aka samo ta. Ko yaya asalinta yake, kalma ce da ta ratsa kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa, ta fito da nauyin da mai faɗinta ba ya ji amma mai sauraronta yana ji. Ga Ibo nan a Sabon Garin Kano da kasuwannin Katsina da Funtuwa, wasu a nan aka haife su da iyayensu, Hausarsu ta fi ta wasunmu tsabta. Irinsu ba sa fitowa a fim.

Bamaguje kuwa Bahaushe ne tsantsa, yana nan a karkarar Katsina da Kano yana noma, amma a fim in ba boka ba ne to mashayi ne. Ɗan Fulani ya daɗe a matsayin mai sanda da malafa wanda birni ke ruɗawa, ana cutarsa a tasha. Wannan a da dariya ce kawai, duk da rashin dacewarta a ƙasar Katsina da gidan sarautarta na Fulani Sulluɓawa ne. Yanzu da ta'addancin daji ya addabi Batsari da Safana da Jibiya da Ƙanƙara, gajerun wasannin da ake yaɗawa a waya sun fara musanya masa sandar da bindiga. A nan maganar ta wuce ta nishaɗi. In aka saba wa ido cewa wannan shiga da wannan karin harshe su ne ɗan bindiga, makiyayin da ya shigo kasuwar ƙauye sayen gishiri, wanda shi ma an kore masa shanu, shi zai biya.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ai wasa ne, kuma mu mutane ne masu barkwanci tsakanin ƙabilu. Haka ne. Katsinawa na wasa da Nufawa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, har kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a kuma yin fushi. Amma wasan nan yana da ƙa'ida. Dole abokin wasan ya kasance a wurin, ka faɗa masa ya rama, wani lokaci ramuwarsa ta fi taka zafi, a tashi kowa na dariya. A camama abokin wasan ba ya nan. Bahaushe ne ya sa kayansa, ya ari muryarsa, ya faɗi abin da marubuci Bahaushe ya ga dama, a gaban 'yan kallo Hausawa. Babu mai ramawa. Shi ya sa Samanja ya bambanta. Usman Baba Pategi Banufe ne, tsohon soja ne na gaske, Hausar barikin da yake yi daga cikin gida ya ɗauko ta, kuma Samanjan nasa mutum ne cikakke, mai iyali da fushi da tausayi, wanda sau da yawa shi ke da gaskiya a ƙarshen wasa. Muna dariya tare da shi.

Sai maganar launin fata, wadda muka fi son kauce mata saboda muna ganin matsalar Amurka ce. A cikin littattafan soyayya da finafinan da suka biyo bayansu, siffar jaruma sananniya ce: fara, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, a ce kamar Balarabiya ko Ba'indiya. Muna da kirari a kai, farar mace alkyabbar mata. Mai matsakaicin launi muna ce mata wankan tarwaɗa. In aka zo kan baƙa kuwa sai a ce baƙa ce amma kyakkyawa, kuma wannan amma ɗin ta faɗi komai. Ka lura da rabon matsayi a finafinan gidan masu kuɗi, ka ga wa ke zaune a falo wa ke kawo ruwa. Ba kullum ba ne, akwai baƙaƙen jarumai mata da suka yi fice, amma rinjayen a bayyane yake, 'yan matan da ke neman shiga harkar kuma sun karanta shi sarai. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da man bilicin, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta kira abin matsalar lafiya ta gaggawa. Fim bai ƙirƙiro wannan ba, tsohon ciwo ne da ke da jijiya a zamanin bayi da kuyangi da ƙwaraƙwarai, amma fim na shayar da shi kullum. Ko fim ɗin Sangaya, wanda ya ɗauki mai hidima a gidan sarauta, Zubaina, ya mai da ita jaruma, ta hannun soyayyar yarima ya ɗaga ta.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kasuwar da ta ɗaure Ibro ta rushe. Kwalin sidi ya tafi, dogon zango ya zo a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Shiri mai kashi ɗari ba zai iya barin maigadi yana buɗe ƙofa kawai ba, dole wata rana a bi shi ɗakinsa. Shirin Daɗin Kowa ya gwada wannan, ya gina gari mai Musulmi da Kirista, mai shayi da malamin tsangaya da ɗan gudun hijira, kowa da sunansa da damuwarsa, 'yan kallo kuma suka karɓa. Hujjar cewa jama'a ba za su kalla ba ta faɗi.

Gurbi ɗaya ne har yanzu ban ga an taɓa shi da gaske ba, shi ne na mutumin da ke zaune a ƙofar gidajen GRA da rawani ya rufe masa fuska, yana dafa shayi a ɗan ƙaramin buta. Muna ce masa Buzu, a fim kuma aikinsa takobi da shayi da gurɓatacciyar Hausa. A ƙasarsu kalmar ba ta kowa ba ce. A Hausar Nijar ta fi nufin waɗanda asalinsu bayin Abzinawa ne, mu kuma muka shimfiɗa ta a kan kowa, mai asalin sarauta da malami da maƙeri da bawa. Su suna kiran kansu Imajaghan ko Kel Tamajak, suna da rubutunsu na Tifinagh, su ne masu ayarin raƙuman da suka riƙa kawo gishirin Bilma ƙasar Hausa, hulɗarsu da Katsina ta girmi zuwan Bature da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya zaunar da da yawansu a ƙofar gidajen mutane shi ne farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, waɗanda suka ƙarar da dabbobinsu, suka gangaro ta Maraɗi da Jibiya neman abin da za su aika gida. Mutumin da ya taɓa mallakar garken raƙuma, yau yana buɗe wa yaron da bai kai ɗansa ba ƙofa da tsakar dare, labarinsa ya ishi fim guda.

A 2015 an fitar da wani fim da aka ɗauka a Agadas da harshen Tamajak, sunansa Akounak Tedalat Taha Tazoughai. Ba'amurke Christopher Kirkley ne ya ba da umarni, mawaƙin nan Mdou Moctar ya fito jarumi. Saurayi ne da rawaninsa, yana yawo a kan babur da jita a baya, yana fama da mahaifin da ba ya son kiɗa, da abokan hamayya a gasar makaɗa, da yarinyar da yake so. Mutanen garin ne suka yi wasan, sunan jarumin a cikin fim ɗin kuma shi ne sunan da aka san shi da shi a zahiri.